Gahawar Ƙasar-Waje da Hancin Baba Mai Makulli

"Ni nan da kuke gani, ranar da na ɗora tukunyar gahawa a gidan nan, wallahi jirgin sama ma sai ya rage gudu ya shaƙi ƙamshi kafin ya wuce!"

Maƙwabcina ne ya yi wannan magana, yana tsaye a tsakar gidan hayarmu, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana nuna sama. Gyara zama, abokina, in ba ka labarinsa, don a kan idona aka yi komai. Ni tela ne, kekena yana barandar da ke kallon ƙofar ɗakinsa, ko tari ya yi sai na ji.

Ƙasar-Waje muke kiransa. Kada ka ɗauka ya taɓa zuwa, ina! A filin jirgi yake aiki, shi ne mai naɗe wa matafiya akwatuna da leda. To da yake kullum yana shafa jakunkunan da za su ƙetare, sai ya ɗauka shi ma rabin jikinsa ya ƙetare. Ka ce masa yau ana zafi, ya ce, "A ƙasar waje ba haka ake zafi ba." Ka yi atishawa, ya ce a ƙasar waje a hankali ake yi. Daidai inda yake tsayawa da ledarsa kuwa akwai wani shagon gahawa mai bangon gilashi. Shekara da shekaru yana leƙen masu haɗawa ta gilashin nan, har ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya ƙware.

Ga abin da ya tayar da maganar. A ƙofar gidanmu akwai shago guda da ya zama babu kowa. Mai gidan wani dattijo ne da muke kira Baba Mai Makulli, saboda damin makullan da ke rataye a ƙugunsa, tun daga bakin layi kake jin zuwansa. Mutum biyu suka nemi shagon. Na farko mai askin da ke aiki ƙarƙashin bishiya, ruwan sama yana korarsa da kwastoma rabin kai a aske. Na biyu Ƙasar-Waje, wai zai buɗe gidan shan gahawa. Baba ya ce shi ba ya son gardama, kowa ya nuna masa sana'arsa, wanda ya burge shi ya ɗauka. Mai aski ya zaunar da shi nan take, ya yi masa tal-kwabo, kan Baba yana ta sheƙi. Saura na Ƙasar-Waje, aka sa ranar Asabar da safe. Baba ya ciro makulli ɗaya ya ba shi, ya ce ya shiga ya auna wurin.

Abu ɗaya za ka riƙe game da Baba: mura ta toshe masa hanci tun ba a san lokaci ba. Ya sha magani har ya gaji. Ko ka ƙona taya a gabansa, sai dai ya ga hayaƙi ya tambaye ka lafiya.

Shi kuwa gogan naka, makulli na shiga aljihunsa ya wuce filin jirgi ya sami ogansa, ya ce, "Oga, ku nemi wani mai naɗe-naɗen, ni na wuce wurin. In kana sha'awar gahawa ka zo, zan sa a ba ka kujera kusa da taga."

Da matarsa, Maman Biyu, ta ji wannan, sai da ta zauna a kan bokiti.

"Baban Biyu, aikin da muke ci da shi ka yar? A kan abin da ko ɗanɗana shi ba ka taɓa yi ba?"

Na ɗaga ƙafa daga kan keke. "Tsaya, tsaya. Ƙasar-Waje, ba ka taɓa shan gahawa ba?"

"Malam Tela, ka ji ka da wata magana," in ji shi. "Likita sai ya yi ciwo kafin ya ba da magani? Ni da ido na sha, da hanci na sha. Na sha fiye da masu sha."

Washegari sai ga shi da ƙunshin ɗanyun 'ya'yan gahawa, kore-kore, masu tauri kamar tsakuwa. Na ce masa ai akwai garinta a kanti, a zuba ruwan zafi kawai a huta. Ya dube ni da tausayi.

"Gari na 'yan koyo ne. Gwanaye daga tushe suke farawa."

Ya wanke su tas, ya zuba a tukunya, ya cika ruwa, ya rufe, ya zauna yana kaɗa ƙafa. Ruwa ya ƙone, ya ƙara. Ya sake ƙonewa, ya sake ƙarawa. Gas ɗin Maman Biyu yana ta tafiya, ita kuma tana ta salati. Can da rana ta take ya tsiyayo wani ruwa fatsi-fatsi a kofi, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Kai ne mutum na farko a layin nan. Ka gode wa Allah."

Na kurɓa. Abokina, ka taɓa tauna ɗanyar ciyawa? To ka haɗa da ruwan wankin tukunya.

"Yaya?" ya tambaya, idonsa na ƙyalli.

"Ni dai wadda nake gani a talabijin baƙa ce," na ce.

Ya leƙa kofin, ya leƙa tukunya, ya shige ɗaki da wayarsa. Jim kaɗan ya fito yana dariya kamar shi ya ƙirƙiro abin.

"Gwada ka na yi, Malam Tela! Ashe kana da ido. Ai sai an soya su tukuna. Kuma na tuna, waɗanda ke cikin kwalba a filin jirgi baƙaƙe ne sul, suna ƙyalli. Me ke sa abu ƙyalli?"

"Me?"

"Mai! Mai suke zuba musu! Mutumin da na kalla yana koyarwa a wayar nan ya ɓoye, ya ce wai a busasshen kasko. Kowa da sirrin sana'arsa, amma ni ba a ɓoye mini, na gani da idona."

Ya nufi kicin da galan ɗin mai. Maman Biyu ta tare ƙofa da jikinta, ludayi a hannu.

"Wallahi ba a kicin ɗina ba. Ka cinye mini gas, yanzu kuma mai? Ka je can ƙasar wajen ka soya!"

Nan ne shaiɗan ya tuna masa da makullin da ke aljihunsa. Ya ɗauki tsohon risho, ya ɗauki kasko, ya ɗauki mai, ya shige shagon Baba. Ya kulle ƙofa ta ciki, ya rufe taga, har ƙasan ƙofa ya cusa tsumma. Na bi shi na ƙwanƙwasa.

"Ƙasar-Waje, ka bar taga a buɗe mana!"

"Don mai aski ya leƙo ya sace mini fasaha? Kuma ƙamshin nan dukiya ne, ba zan bari ya tsiyaye a titi kyauta ba."

Na koma kan kekena. Ban gama kafa hannun riga ɗaya ba na ji wani tas-tas-tas, sai fuu! Sai ihu. Ƙofar shago ta buɗe, hayaƙi ya fara fitowa, sannan Ƙasar-Waje ya biyo baya da rarrafe, yana tari, girarsa ɗaya ta tafi.

"Wuta! Malam Tela, wuta! A taimaka wa gwani!"

Na yayumi bargon da aka kawo mini gyara, na tsoma a baho, Maman Biyu ta kwaso yashi a faranti. Da ƙyar muka kashe. Da hayaƙi ya lafa muka ɗaga kai. Silin da Baba ya sa aka yi wa farin fenti ya koma baƙi ƙirin, tsakiyarsa ya kumbura ya lotso. Bango kuwa kamar bayan tukunya. Maman Biyu ta ɗora hannu a ka, hawaye na zubo mata, ni kaina tausayinta ya kama ni, don na san ba silin take wa kuka ba, aikin da aka yar take tunawa.

Shi gogan fa? Yana tsugune gaban kasko yana tsince 'ya'yan gahawa daga cikin yashi.

"Ku duba! Ku duba yadda suke ƙyalli! Ban gaya muku ba?"

Muna cikin haka muka ji kacau-kacau daga bakin layi. Makullan Baba! Ƙasar-Waje ya yi tsalle ya janyo ƙofa ya datse, ya fizge wani yadi daga kafaɗata ya rataya a taga, ya tsaya a gaba yana murmushi da gira ɗaya. Layin gaba ɗaya ƙauri yake, har awakin maƙwabta sun bar wurin. Baba ya iso, ya tsaya, ya ja hancinsa da ba ya aiki.

"Sannunku da hutawa. Kai kuma ina girarka?"

"Sabon yayi ne, Baba. A ƙasar waje ɗaya ake bari."

"Allah ya kyauta. Har ka sa labule? Madalla da himma. Sai Asabar."

Yana wucewa Ƙasar-Waje ya kama hannuna. "Ka rufa mini asiri, Malam Tela. In Baba ya ce shagon nawa ne, na shafe silin da fenti kafin ya sake shiga. Hancin nan nasa rahama ne gare ni, Allah ya ƙara masa toshewa."

"Ba amin ba," in ji Maman Biyu.

Saura niƙa. Ya jira Maman Biyu ta tafi kasuwa, ya lallaɓa kicin ya ɗauko injinta na markaɗe. Da safen nan ta markaɗa barkono da tafarnuwa da citta da albasa, ba ta kai ga wankewa ba, duk sun bushe a jikin injin. Na hango shi ta taga na ce ya ɗauraye tukuna.

"Kul! Mutumin waya ya ce danshi shi ne babban maƙiyin garin gahawa. Ruwa ba zai taɓa injin nan ba."

"To barkonon fa?"

"Gahawa sarauniya ce, Malam Tela. Duk abin da ta tarar a wuri, ita ke rinjaye."

Ya kunna. Injin ya yi wata ƙara kamar ana yanka shi, saboda ba duk yashin ya tsince ba. Abin da ya fito ba gari ba ne, wani baƙin curi ne mai maiƙo. Ya kwashe a kwano, ya ce sanyi ke tsare ƙamshi, ya tura cikin firji a buɗe, kafaɗa da kafaɗa da bandar kifin Maman Biyu. A nan ya bar shi har Asabar.

Ranar Asabar tun da sassafe na fito na same shi ya riga ya kafa tebur a tsakar gida. Ya ɗaura farin ƙyalle a ƙugu, ya yi wa wuyansa ɗan ɗaurin malam-buɗe-littafi da ledar naɗe akwati. Wurin tacewa kuwa, da ya rasa irin takardar da yake gani a filin jirgi, sai ya yanke gefen singiletinsa ya ɗaure a bakin jug. Kuma a ranar ne ya fara shan gahawa a rayuwarsa. Ya ɗanɗana, ya ji ɗaci ya doke shi har ƙeya, ya ce ɗacin shi ne ilimin. Ya ƙara curi, ya sake ɗanɗanawa. Ya ƙara, ya sake. Kafin rana ta fito sosai ya shanye kusan rabin jug a cikin ɗanɗane, ga cikinsa babu komai.

Abin ya hau kansa. Idanunsa suka yi tulu-tulu, hannunsa na rawa, bakinsa ya ƙi tsayawa.

"Malam Tela ina kwana ka tashi lafiya ya aiki ya iyali ka ga tsuntsun can tun ɗazu yake kallona ina jin ƙamshi ya ji wallahi yau zan iya ɗaga kekenka da hannu ɗaya kana so in ɗaga?"

"A'a, bar mini kekena."

Ya share tsakar gida, ya sake sharewa, ya gaida Maman Biyu har ta gaji da amsawa. Mai aski ya iso ya jingina da bango, ya harɗe hannu, ya zo kallon abokin takara. Sai kacau-kacau, ga Baba da hularsa a kan sabon aski, yana numfashi ta baki.

"Baba barka da zuwa barka da asuba zauna nan a'a nan ya fi iska a ƙasar waje dattawa gabas suke kallo in za su sha!"

Ya ɗaga jug sama, wai daga nesa gwanaye ke zubawa. Da yake hannun na rawa, rabi ya shiga kofi, rabi ya sauka a takalmin mai aski. Na leƙa kofin. Baƙi ne, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Amma mai ya taso ya yi idanu a sama, ga wani ja-ja yana yawo a gefe. Warin kifi da tafarnuwa ya bugo ni, na ja da baya. Maman Biyu ta rufe fuska da mayafi tana motsa baki, addu'a take.

Baba ya yi bisimilla, ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, babba. Tsakar gida ta yi tsit, sai haƙoran Ƙasar-Waje da ke kaɗawa.

Kunnuwan Baba suka fara yin ja. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Hawaye ya cika idonsa, ya buɗe baki, ya rufe, ya ɗaga kai sama, sannan ya saki wata atishawa da ban taɓa jin irinta ba. Hula ta yi gaba, makullai suka amsa, kajin gidan suka watse. Ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku. Ya lalubo hankici ya fyace, ya fyace, kamar ba zai gama ba. Sai ya rufe baki, ya ja iska ta hanci, doguwa, har ƙirjinsa ya taso.

"Allahu akbar," ya ce a hankali. "Ya buɗe. Jama'a, hancina ya buɗe!"

Ya miƙe tsaye yana shinshina kamar ƙaramin yaro. "Ina jin sabulun wanki! Wancan turaren waye? Mai aski, naka ne? Kai, ashe haka duniya take da ƙamshi!" Dariya yake, hawaye na zuba, mu ma duk muka kama dariya don murna. Ya ɗaga kofin ya shanye har ƙasa, ya tauna yashin da ya rage.

Ƙasar-Waje kuwa ai sai rawa. Ya zagaye tebur, ya nuna mai aski da yatsa.

"Ka gani? Ka gani, ɗan ƙarƙashin bishiya? Kai gashi kake cirewa, ni cuta nake cirewa! Maman Biyu, goge hawayenki, daga yau ke matar mai kamfani ce!"

Mai aski ya sunkuyar da kai. Baba ya dafa kafaɗar Ƙasar-Waje.

"Yaro, abin da asibiti ya kasa ka yi. Shagon nan..."

Sai ya tsaya. Hancin ya motsa. Ya juya hagu, ya juya dama.

"Me ke ƙauri haka?"

Ni na duƙa ina neman allurar da ban yar ba. Maman Biyu ta kama kallon sama.

"Ƙauri kuma, Baba?" in ji Ƙasar-Waje, muryarsa ta siranta. "Sabon hanci ne, bai gama saituwa ba. A ƙasar waje in hanci ya buɗe, sai an kwana biyu ba a yarda da shi."

"Baba, ni ma tun da na shigo nake ji," in ji mai aski. "Na ɗauka haka gahawar take wari, shi ya sa na yi shiru don kada a ce hassada ce."

Baba hancinsa kawai ya bi. Ya ratsa tsakar gida, ya bi ta zaure, mu duka muna biye, Ƙasar-Waje yana tsalle a gabansa yana ba shi labarin yadda ake sauke jirgi. Hancin nan bai karkace ko'ina ba sai ƙofar shago. Baba ya zaro nasa makullin daga dami, ya buɗe, ya shiga, ya ɗaga kai.

Silin da ya lotso ɗin nan, kamar jira yake. Wani ɓangare ya ɓalle ya sauko a kan tal-kwabon Baba, baƙar toka ta bi fuskarsa har gemu.

Ba wanda ya yi motsi. Baba ya share ido da yatsa, ya dubi bango, ya dubi kasko da risho a ƙurya, ya dubi gira ɗayan nan.

"Sabon yayi, ko?"

"Baba, ai... ado ne. A ƙasar waje baƙin sili..."

"Miƙo makullina."

Ƙasar-Waje ya zaro makullin daga aljihu ya miƙa. Baba ya karɓa ya ɗora a tafin mai aski.

"Shago naka ne. Wannan kuma zai gyara sili, ya yi fenti da hannunsa, kana zaune kana nuna masa inda bai ji ba." Ya juyo ga Maman Biyu. "'Yata, ki yi haƙuri. Gobe ki rako shi wurin ogansa ya ba da baki, in ya ƙi tafiya ki aiko a kira ni."

Ya ɗauki hularsa da aka tsinto masa, ya kaɗe, ya kama hanya, kacau-kacau. Ƙasar-Waje ya bi shi da gudu har bakin ƙofa, ɗaurin ledar wuyansa ya koma ƙeya.

"To amma Baba, tsakani da Allah, gahawar fa? Ka faɗa a gaban jama'a, ba ta yi ba?"

Baba ya tsaya, ya lashi leɓe, ya yi ɗan tunani.

"Gahawa ban san ta ba, yaro. Amma romon kifin nan naka ya yi. Gobe in za ka dafa, ka ƙara gishiri."